Priyanka Chopra: fim ya karɓe ta a Amurka, waƙa kuma ta ƙi, ina matsalar take?

Duk wanda ya yi kallon fim ɗin Indiya a shekarun 2000 ya san fuskar Priyanka Chopra ko da bai riƙe sunan ba, itace wadda Salman Khan da Akshay Kumar suka dinga dambarwa a kanta a Mujhse Shaadi Karogi, itace kuma muguwar matar nan ta Aitraaz da ta ƙulla wa tsohon saurayinta sharri har gaban kotu. Amma kace da masoyanta su kawo maka waƙa ɗaya da ta rera da bakinta, zaka ga yawanci wadda ta taka rawa a kai zasu kawo maka, ba wadda ta rera ba. Alhali matar nan ta kwashe kusan shekara huɗu, daga 2011 zuwa wajen 2014, tana fafutukar zama mawaƙiya a Amurka, da manyan kamfanoni a bayanta da manyan mawaƙa a gefenta, ƙarshe ko albam ɗaya bai fito ba. Sai kuma a 2015 ta shiga fim mai dogon zango a gidan talabijin ɗin ABC, nan take Amurkawa suka santa.

Mutane da dama suna gajarce maganar suce ai kawai bata iya waƙa ba ne. Ni dai a ganina wannan amsar ta yi arha da yawa. Abun da ya faru ya fi alaƙa da yanda masana'antar fim ɗin Indiya take raba fuska da murya tun fil azal, da kuma lissafin da 'yan kasuwar waƙa na Amurka suka yi a lokacin wanda ya zo musu a karkace.

Mu fara da tsarin Indiyar, dan in ba a gane shi ba sauran bayanin ba zai zauna ba. Lokacin da fim mai magana ya fara a Indiya da Alam Ara a 1931, ɗan wasa shi yake rera waƙarsa da kansa a gaban kyamara, makaɗa suna ɓoye a gefe, dan haka in baka da murya to aikin jarumi ya yi maka nisa. A 1935 ne a wani kamfani na Kalkata mai suna New Theatres, darakta Nitin Bose ya yi fim ɗin Dhoop Chhaon inda aka fara ɗaukar waƙa daban a situdiyo, ɗan wasa kuma ya zo yana motsa baki a kai, abun da 'yan fim ɗinmu suke cewa mamin. Da farko har ɓoye mawaƙin ake yi kamar abun kunya. Shahararriyar waƙar fim ɗin Mahal na 1949 da ta fito da Lata Mangeshkar duniya ta santa, a jikin faifan garmahon ba sunan Lata aka rubuta ba, sunan da jarumar take amsawa a cikin fim ɗin aka sa, sai da masu sauraron rediyo suka dinga aika wasiƙu suna tambayar wacece mai muryar nan. Daga nan abun ya juya, mawaƙan bayan fage suka zama taurari masu zaman kansu, irinsu Lata da ƙanwarta Asha Bhosle da Mohammed Rafi da Mukesh, su kuma masu haɗa wasa da waƙa irinsu K.L. Saigal da Suraiya da Noor Jehan zamaninsu ya shuɗe.

Kishore Kumar shine misalin da yafi bani mamaki. Mutumin nan ɗan wasa ne kuma mawaƙi na gasken gaske, amma akwai fina-finan da ya fito a shekarun 1950 da aka ɗauko Mohammed Rafi ya rera waƙa shi Kishore ɗin yana mamin a kai. Kuma ɗaukakarsa ta gaske a waƙa bata zo ba sai da ya zama muryar wani, wato Rajesh Khanna a Aradhana na 1969, daga baya kuma Amita Bachan. Kaga kenan ko wanda Allah ya haɗa masa baiwar biyu, tsarin sai da ya sa shi ya zaɓi gefe.

Mu wannan ba baƙon abu bane a wajenmu tunda Kannywood ta ɗauko tsarin ɗungurungum. Shekara nawa aka yi ana kallon 'yan mata daban daban suna rausaya a allo alhali muryar Fati Nijar ce ke fita, ko jarumi yana dafa ƙirji muryar Nura M Inuwa na tashi, kuma ba wanda ya taɓa jin an yaudare shi, kowa ya san yarjejeniyar. Wanda ya tsallako daga waƙa zuwa jarumta irin Umar M Shareef a Mansoor na 2017, ya zo ne da masu sauraronsa a hannu. Ku riƙe wannan maganar ta zuwa da masu sauraro a hannu, dan zamu dawo kanta.

To ita Priyanka a cikin wannan tsarin ta girma. An haife ta 18 ga Yuli 1982 a Jamshedpur, iyayenta duka biyu likitocin soja ne, Ashok da Madhu Chopra, kuma mahaifin nata mutum ne mai son waƙa yana rerawa. Tana shekara 13 aka tura ta Amurka wajen 'yan uwa ta yi wani ɓangare na sakandare a can, inda tace ta sha tsangwama a hannun wasu ɗalibai saboda launin fatarta, har ta haƙura ta dawo Bareilly. A ƙarshen 2000 ta ci gasar sarauniyar kyau ta duniya a Landan tana shekara 18, kuma itace ta ɗora wa Agbani Darego ta Najeriya kambun a shekarar da ta biyo baya a Afirka ta Kudu. Fim ɗinta na farko ma ba na Hindi bane, na yaren Tamil ne, Thamizhan na 2002 tare da Vijay, kuma abun da mutane da yawa basu sani ba shine a wannan fim ɗin na farko ta rera waƙa da bakinta. Wato muryar tana nan tun ranar farko, masana'antar Mumbai ce bata da buƙatarta.

Daga 2003 zuwa 2012 ta gina suna da gumi. Andaaz, Aitraaz, Krrish da Hrithik Roshan, Don da Sharukhan, sai wani lokaci wajen 2007 da 2008 da fina-finanta suka dinga faɗuwa ɗaya bayan ɗaya har aka fara cewa tata ta ƙare, sai ga Fashion na Madhur Bhandarkar a 2008 ya kawo mata lambar yabo ta ƙasa ta gwarzuwar jaruma, sai Kaminey, sai 7 Khoon Maaf, sai Barfi a 2012 inda ta fito a yarinya mai lalurar ƙwaƙwalwa ba kwalliya ba rawa, wanda ni har yau nake ganin shine aikinta mafi kyau. A duk tsawon shekarun nan waƙoƙin da aka santa dasu muryar wasu ce. Waƙar fim ɗin Dostana da sunanta ya zame mata laƙabi har yau, Sunidhi Chauhan ce muryar macen. Ta cikin fim ɗin Karam na 2005 da mutane suka dinga rantsuwa itace ta rera saboda kamar muryar, Alisha Chinai ce. Abun da nake so a gane shine, jarin waƙa da Priyanka ta tara a zukatan miliyoyin mutane jari ne na fuska da rawa da kallon ido, ba na maƙogwaro ba, kuma irin wannan jarin baya shiga rediyo.

Me ya sa ma mace da take saman ganiyarta zata bar gida ta tafi neman sabuwar sana'a? Shekaru ana hasashe, sai a 2023 ta faɗa da bakinta a wata hira da Dax Shepard cewa an fara matse ta a lungu a masana'antar, ana ƙin saka ta a fim, tana da saɓani da wasu mutane, kuma ta gaji da siyasar wajen. Bata kira suna ba, nima ba zan kira ba duk da jita-jita ta cika intanet. Akwai kuma lissafin shekaru wanda kowa ya sani, jaruma mace a Indiya in ta doshi 30 sai a fara neman wadda bata kai ta ba, su kuwa mazan suna nan suna soyayya a fim har su haura 50. Sannan ta faɗa wa BBC a 2022 cewa abun da ake biyanta bai wuce kashi 10 cikin 100 na abun da ake biyan namijin da suke fim tare ba. In ka haɗa waɗannan zaka ga cewa tayin waƙar ya zo ne daidai lokacin da take neman ƙofar fita.

Tayin ya zo ta hannun Anjula Acharia, wata 'yar asalin Indiya da ta tashi a Ingila, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Desi Hits, wadda burinta shine ta samar da tauraron waƙa ɗan Indiya da zai ratsa kasuwar Amurka. A 2011 aka sa hannu a kwantiragi da kamfanin waƙa na Universal, Jimmy Iovine shugaban kamfanin waƙa na Interscope a lokacin yana ciki, mutumin da sunansa ke jikin tarihin Eminem da Dr Dre da Lady Gaga, aka haɗa ta da Troy Carter wanda shine manajan Lady Gaga a lokacin, aka kawo RedOne ɗan asalin Maroko wanda ya haɗa kiɗan waƙoƙin Gaga na farko. A takarda dai wallahi ba abun da ya rage.

Waƙar farko, In My City, da will.i.am, ta fito a Satumba 2012, aka fara sakinta a shirin ƙwallon Amurka na daren Alhamis na gidan NFL Network. A Indiya ta sayu fiye da kwafi 130,000 a satin farko. A Amurka kuwa a satin farko wajen 5,000 aka sauke, gidajen rediyo kuma basu ɗauka ba. Waɗannan alƙaluman guda biyu kaɗai sun isa su ba da labarin. Waƙar da aka yi da Turanci dan Amurkawa, 'yan gida ne suka saya, suma kuma ba dan waƙar ba, dan tasu ce ta yi. Sai Exotic da Pitbull a 2013, ita ta ɗan taɓa jadawalin Billboard, wato jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, a ɓangaren kiɗan rawa kuma bidiyon ya samu kallo sosai a YouTube amma bata leƙa babban jadawalin ɗari na farko ba. Sai 2014 ta sake rera tsohuwar waƙar Bonnie Raitt ta 1991 da kiɗan disko na zamani. Daga nan shiru, albam ɗin da aka yi ta alkawari ya kwanta a situdiyo.

Akwai ɓangaren wariyar launin fata kuma ba ƙarami bane. Da aka sa ta tana buɗe shirin ƙwallon nan a 2013, wasu masu kallo sun cika shafukan sada zumunta da zagi, har da masu kiranta Balarabiya 'yar ta'adda, suna tambayar me ya kawo wadda ba Ba'amurkiya ba cikin wasan da suke ganin nasu ne na gado. Wannan ya faru, kuma ta yi magana a kai. Amma in muka ce wariya ce kaɗai ta kashe waƙar to sai an bamu amsar me ya sa bayan shekara biyu kacal mutanen ƙasar suka zauna suna kallonta duk sati a talabijin har suka zaɓe ta ta ci lambar People's Choice a 2016 da 2017. Launin fatarta bai canza ba tsakanin 2013 da 2015.

Abu na farko da nake ganin ya yi mata illa shine bata zo da masu sauraro ba, masu kallo ta zo dasu. Duba Shakira, kafin ta yi albam ɗinta na Turanci a 2001 ta shekara da shekaru tana waƙa da Sifaniyanci, tana rubuta abunta, tana da sautin da in ka ji daƙiƙa biyar ka san itace, kuma akwai miliyoyin masu jin Sifaniyanci a cikin Amurka kanta da gidajen rediyonsu da suka riga suka santa. Turancin ƙari ne a kan ginin da ya riga ya tsaya. Priyanka kuwa ranar da ta shiga situdiyo a Los Angeles bata da albam ko ɗaya a baya, bata taɓa zagaya gari gari tana waƙa a ƙananan dandali ba, ba wanda zai iya ce maka ga irin sautinta. Sai aka ɗauko kiɗan da yake tashe a lokacin aka ɗora ta a kai, irin wanda in ka cire muryarta ka sa ta Jennifer Lopez ko Nicole Scherzinger ba abun da zai canza, har shi Pitbull ɗin ma a shekarun nan kusan kowa yana da waƙa da shi. Ɗan Indiyancin da aka bari a ciki ado ne kawai, layi biyu na Hindi da ɗan ƙyalƙyali a bidiyo.

Abu na biyu shine lokaci, kuma nan ne abun yake da ban haushi. Manyan kamfanonin suna aiki da tsohuwar ƙa'ida ne cewa baƙo in yana son kasuwar Amurka dole ya yi Turanci ya yi kama da 'yan gida. A shekarar da In My City ta fito, wato 2012, a shekarar ne wani ɗan Koriya ta Kudu mai suna Psy ya saki Gangnam Style da yarensu, yana tsokanar masu kuɗin wata unguwa a Seoul da yawancin duniya basu taɓa jin sunanta ba, ta zama bidiyo na farko da ya kai kallo biliyan 1 a YouTube. A 2017 Despacito ta zo da Sifaniyanci ta mamaye ko ina, BTS suka biyo baya da Koriyanci. Wato ƙa'idar tana rushewa a daidai lokacin da ake gina Priyanka a kanta, YouTube da manhajojin sauraron waƙa sun fara ƙwace iko daga hannun masu zaɓen waƙa a rediyo, kuma mai sauraro in zai ji baƙo yana son ya ji baƙuncin ne.

A gida Indiya ma ba wajen da waƙar zata zauna ta yi saiwa. Kasuwar waƙar Hindi fim ne ke riƙe da ita, waƙa tana fitowa ne da labari da jarumi da wajen da aka sa ta, ita take tallata fim, fim kuma yana raya ta shekara da shekaru a gidajen biki. An taɓa samun wani ɗan zamani a shekarun 1990 da waƙar da ba ta fim ba ta yi tashe, zamanin Alisha Chinai da Lucky Ali da Daler Mehndi, amma masana'antar fim ta haɗiye yawancinsu. Dan haka waƙar Turanci daga bakin jarumar Hindi ta zama abun a saya sau ɗaya dan kara, ba abun a kunna a wajen biki ba. Ba tsuntsu ba tarko kenan.

Sai maganar muryar kanta, dan kar ace ina kare ta. Tana da murya mai ɗan kauri da daɗin ji, tana riƙe kari, amma ba irin muryar da take tsayar da mutum a hanya bace, kuma gyaran kwamfuta da aka lafta mata a waƙoƙin nan ya shafe ɗan abun da ya bambanta ta. A ƙasar da kunnen mutane ya saba da Lata da Alka Yagnik da Shreya Ghoshal, matan da suka yi shekaru suna koyon waƙar gargajiya a gaban malamai tun suna yara, ma'aunin yana da tsauri. Ita da kanta daga baya ta amsa cewa abun da take fitarwa bai kai matsayin da take so ba shi ya sa ta tsaya, kuma na ga girmanta a nan, dan da yawa a matsayinta da sun ci gaba da turo wa mutane abu saboda akwai kuɗin yi.

Abun lura, wuraren da muryarta ta fi taɓa zuciya duk a cikin fim ne. Waƙar rarrashin yaro da ta rera a Mary Kom na 2014, da wadda suka yi da Farhan Akhtar a Dil Dhadakne Do na 2015, da kuma wata da ta rera da yaren Marathi a kan uba a fim ɗin Ventilator na 2016 wanda kamfaninta Purple Pebble Pictures ya shirya, bayan rasuwar mahaifinta da ciwon daji a 2013. A nan ba gasa take da kowa ba, 'yar wasa ce take amfani da murya dan isar da abun da ke cikin labari, kuma ya zauna daram.

In kana son ganin ɗaya gefen, kalli Diljit Dosanjh. Shi mawaƙi ne tun asali, ya fara da waƙoƙin addini a wuraren ibadar Sikh yana yaro, ya yi shekaru yana sakin albam da yaren Punjabi, yankin da yake da kasuwar waƙa mai zaman kanta wadda bata jiran fim, sannan ya shiga fina-finan Punjabi, sai Hindi da Udta Punjab a 2016. A 2023 ya hau dandalin bikin waƙa na Coachella a Amurka da rawaninsa da kayan gargajiyarsa yana waƙa da Punjabi, a 2024 ya cika filin wasa na BC Place a Vancouver ta Kanada. Ko da ya yi waƙa da mawaƙiyar Turanci Sia, ita ce ta rera Punjabi. Bai nemi rediyon Amurka ta yarda da shi ba, 'yan Punjab da ke zaune a Kanada da Ingila da Amurka su suka sayi tikiti har masu shirya taro suka ga ba yanda zasu yi. Tabbas shi namiji ne kuma ya zo shekara goma bayan ita, lokacin da hanyar ta riga ta buɗe, ba adalci bane a auna su kai da kai. Amma bambancin tushe a fili yake.

To me ya sa fim ya yi aiki? Saboda a nan ta zo da kayan aikinta na gaske. Zaman da ta yi a Los Angeles dan waƙa shi ya haɗa ta da mutanen da ke da ido a harkar talabijin, ciki har da Keli Lee mai zaɓen 'yan wasa a ABC a lokacin, wadda ta bi ta har Indiya aka yi yarjejeniya. Waƙar ta zame mata kamar kuɗin mota, bata kai ta inda aka rubuta a jikin motar ba amma ta sauke ta a tashar da ta dace. Aka bata tarin labarai ta karanta ta zaɓi Quantico, ta je ta yi gwaji kamar sabuwar shiga, mace mai fim kusan 50 a baya. Kuma sharaɗin da ta kafa yana da muhimmanci, tace ba zata fito a irin rawar da aka saba ba 'yan Indiya ba, mai shago ko ƙwararren kwamfuta mai karyayyen Turanci da ake dariya. Alex Parrish, wadda ta fito a matsayinta a Quantico, jami'ar FBI ce mai koyon aiki da aka ɗora wa laifin kai harin bam, kuma ba dan 'yar Indiya aka rubuta rawar ba tun farko, daga baya aka gyara aka ce uwarta 'yar Indiya ce. Ta zama 'yar kudancin Asiya ta farko da ta ja ragamar irin wannan shirin a manyan tashoshin Amurka.

Kuma aikin talabijin na Amurka, awa goma sha a tsaye kullum, haddace dogon zance cikin dare, kuka yanzu faɗa anjima, ai wannan shine abun da Mumbai ta horar da ita a kai shekara 12, inda ake haɗa fim uku huɗu a lokaci guda. Har ma tana tashi daga wajen ɗaukar Quantico a ƙarshen sati ta je Indiya ta ƙarasa Bajirao Mastani ta dawo. A waƙa ɗaliba ce da aka sa mata rigar malamai, a fim kuwa ta fi yawancin waɗanda ke tsaye kusa da ita gogewa.

Amma fa kar a ɗauka Hollywood ta bata abun da ya kai darajarta, wannan wata muhawarar ce daban kuma ni ina ɓangaren masu cewa bata bata ba. Quantico ya fara da ƙarfi, masu kallo suka dinga raguwa, aka rufe shi a 2018 bayan zango 3. Baywatch na 2017 da ta fito a bos gaban Dwayne Johnson masu sharhi sun yi masa kaca kaca. A Matrix na 2021 fitowarta kaɗan ce. Citadel na Amazon a 2023 an narka masa kuɗi na fitar hankali, kuma tace a nan ne karon farko cikin shekara 22 da aka biya ta daidai da namijin da suke tare, amma labarin bai kama mutane yanda aka so ba. Heads of State na 2025 da Idris Elba da John Cena fim ne na duka da harbi a sha dariya a wuce. Wanda ya fi nauyi a cikinsu shine The White Tiger na 2021, shi kuma labarin Indiya ne a ƙasar Indiya, tana cikin furodusoshinsa. Har yau ba a bata wani abu a Turanci da ya kama ƙafar Barfi ko rawar Kashibai a Bajirao Mastani ba, matar da mijinta ya kawo mata kishiya tana haɗiye baƙin ciki da murmushi, wadda matanmu da suka kalli fassarar Hausa ba sai an musu bayani ba.

Tsayuwa da ƙafa ɗaya a kowace ƙasa ma yana da nasa farashin. A 2018 wani kashi na Quantico ya nuna wasu masu tsattsauran kishin Hindu suna shirya hari dan a ɗora wa Pakistan, aka yi mata ca a Indiya ana ce mata maciyiya amana duk da ba ita ta rubuta ba, sai da ta fito ta ba da haƙuri, ABC ma ta bayar. A Amurka ana mata kallon wakiliyar Indiya, a Indiya ana mata kallon wadda ta zama Ba'amurkiya, har yanda take furta Turanci sai da ya zama abun cece kuce a ɓangarorin biyu. Aurenta da Nick Jonas a Jodhpur a Disamba 2018 ya ƙara wa wutar fetur, kuma wani abun dariya shine bidiyon waƙar da ta fito a ciki da ya kai lamba 1 a babban jadawalin Billboard shine Sucker na Jonas Brothers a 2019, inda mijinta da 'yan uwansa ke rerawa ita kuma tana fitowa a allo, wato dai aikin da Mumbai ta koya mata.

Tsarin raba fuska da murya kuma yana nan da ransa, bai ko girgiza ba. Da waƙar fim ɗin RRR ta ci Oscar a 2023, da yaren Telugu, waɗanda suka hau dandali suka rera su ne Rahul Sipligunj da Kaala Bhairava, ba Ram Charan da NTR da duniya ta gani suna tiƙar rawa ba, lambar kuma ta tafi ga mai kiɗa M.M. Keeravani da marubucin waƙar Chandrabose. Daraktan wannan fim ɗin, S.S. Rajamouli, shine wanda Priyanka ta koma Indiya yin aiki da shi tare da Mahesh Babu, bayan rabonta da fim ɗin Hindi tun The Sky Is Pink na 2019. Fim ɗin na Telugu ne, daga kudancin ƙasar, ba daga Mumbai ɗin da tace an matse ta ba, kuma Keeravani ne ke riƙe da kiɗan.